Biyan kuɗi don a daina yi maka talla: lissafin mai iyali daga Garwa

A watan Afrilu ba a kwana ɗaki a Garwa. Da an idar da sallar isha'i sai a fito da tabarmi tsakar gida, a yayyafa ruwa a ƙasa, a jingina waya jikin buta, kowa ya matso. A irin wannan dare ne muna kallon wani shiri mai dogon zango na mutanen Kano a YouTube, ni da maiɗakina da yara uku da Inna. Ana tsakiyar wani zance na uwa da 'yarta sai hoton ya yanke, kiɗa ya tashi. Wani saurayi ya bayyana yana fifita da damin kuɗi, yana cewa da Faransanci ka zuba ɗari biyar a wasan ƙwallo ka wayi gari da miliyan. Daƙiƙa 5 ake jira kafin alamar tsallakewa ta fito, amma daƙiƙa 5 a gaban mahaifiya ba ƙaramin lokaci ba ne. Inna ba ta jin Faransanci, kuɗin dai ta gani. Ta ce, "Wannan kuma ɗan wane ne a cikin wasan?" Babban ɗana, mai shekara 11, shi ya riga ni amsawa: "Ba ya ciki, Inna, talla ce. Ta caca ce." Na kalle shi, ya sunkuyar da kai. Ashe ya riga ni saninta.

Da na ba ƙanena labari, wanda ke karatu a jami'ar Gaundare, dariya ya yi. Ya ce, "Yaya, ai biya ake yi duk wata a daina ganinsu gaba ɗaya." Daga nan na fara bin diddigin maganar: me ake biya, wa ake biya, kuma me kuɗin ke saya wa mai iyali a nan arewacin Kamaru, ko a Kusiri, ko ƙetaren kogi a Injamena?

Sai an fara da sanin dalilin tallar kanta. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin Google ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, dalar Amurka ke nan, ba dalarmu ta sefa biyar ba, kuma bai saye shi don sadaka ba. Duk bidiyon da ka danna yana ajiye ne a cikin manyan injuna masu cin wuta dare da rana, wani ne ke biyan kuɗin wutar. Wanda ke biya shi ne mai talla. Abin da yake saya kuwa idonka ne. Cikin ƙiftawar ido kafin bidiyon ya buɗe, ana yin gwanjo tsakanin masu talla, injin ya duba ƙasar da kake, harshen wayarka, abin da ka saba nema da kallo, ya ba wanda ya fi tayi. Shi ya sa wayar da samari ke duba sakamakon ƙwallo da ita take cika da tallar caca, kuma idan wayar nan ce dai ake jinginawa jikin buta da dare, to tallar samarin ce za ta fito gaban kakarsu.

Daga kuɗin tallar dogon bidiyo, YouTube na ba mai tashar kashi 55 cikin 100, ya riƙe 45. Da wannan ne yawancin masu shirya finafinan Hausa suke rayuwa tun da kasuwar faifai ta mutu. Bidiyon da ya kai minti 8 ana iya cusa masa talla a tsakiya, to ka auna shiri mai awa ɗaya da rabi, sau nawa za a yanka shi. Akwai kuma wani abu da ya kamata masu zagin malamai su sani. Da azumi za ka ji mutum yana sauraron tafsiri, alaramma na cikin jan aya, sai kiɗa ya ɓarke, mutumin ya ce malam ya sayar da karatu. Ba lallai ba ne. Tun 2021 YouTube ya shigar da sharaɗi a duk duniya cewa yana da ikon sa talla ko a tashar da ba ta shiga tsarin rabon kuɗi ba, kuma a irin wannan mai tashar ko sisi ba ya samu. Sau da yawa ma ba malamin ne ya ɗora karatun ba, wani ne ya naɗa ya zuba a tasharsa.

Ita kuwa muhawarar "ka biya ka huta da talla" daga waje ta zo mana, kuma an ɗinka ta ne daidai wuyan mutanen can. Shekara da shekaru Netflix na taƙama da cewa babu talla a cikinsa. Da masu biya suka fara raguwa a 2022, sai a watan Nuwamba na shekarar ya fito da tsari mai rahusa mai talla, dala 6.99 a wata a Amurka, tallar minti 4 zuwa 5 cikin kowace awa. Disney+ ya bi sahu a Disamba. Amazon Prime Video ya juya abin a Janairun 2024: ya zuba wa kowa talla, ya ce mai son a cire masa ya ƙara dala 2.99. To mai iyali a Amurka ko Faransa yana da zaɓi na gaske a gabansa: kamfani ɗaya, finafinai kusan iri ɗaya, farashi biyu.

Mu fa? Ƙasashe 12 Netflix ya buɗe wa wancan tsarin mai talla, babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Netflix ɗin da ya iso Kamaru da Cadi a Janairun 2016, lokacin da ya buɗe a ƙasashe 130 rana ɗaya, mara talla ne tun asali. Tambayarmu a kansa ita ce ko za mu shiga ko ba za mu shiga ba, ba maganar talla. Facebook da Instagram sun fito da tsarin biya don cire talla a Nuwamban 2023, amma don mutanen Turai, saboda dokokinsu na kare bayanan mutum ne suka matsa musu. Ko kana da kuɗin a Marwa ba za a sayar maka ba. Tauraron ɗan Adam kuma, Canal+ ne ko StarTimes, kana biyan abonma duk wata kuma kana shan talla, musamman a ƙwallo, inda sunan kamfanin caca yake a rigar ɗan wasa da allunan gefen fili. Abin ya yi yawa har ƙungiyoyin gasar Firimiya ta Ingila suka amince a 2023 za su cire sunayen kamfanonin caca daga gaban riguna bayan kakar 2025/26. Daga gaba kawai. Hannun riga da allunan fili suna nan.

Idan aka tace, wurin da maganar ta shafe mu da gaske biyu ne: YouTube, da manhajojin sauraro irin su Spotify, wanda ya shigo Kamaru da Cadi a 2021, da Boomplay da ke zuwa cikin wayoyin Tecno da Itel da Infinix. Na sauraron ba zan daɗe a kansu ba. Mai shago ko direban da ke yini da kiɗa a kunne shi ya san ko tallar ta ishe shi. Ba matsalar tsakar gida ba ce. YouTube shi ne talabijin ɗinmu na yanzu, a nan maganar take.

Tsarin biyansa ana kiransa YouTube Premium. An fara shi a 2015 da sunan YouTube Red, aka sake masa suna a 2018. Abu huɗu yake bayarwa: cire tallar da YouTube ke sakawa, sauke bidiyo a kalla ba intanet, ci gaba da sauraro ko an kashe fuskar waya, da manhajar kiɗansa. Akwai na iyali, inda mutum ɗaya ke biya ya shigar da wasu 5, da sharaɗin kowa ya kai shekara 13 kuma duk a gida ɗaya suke zaune. Wanda ya tsara wannan bai taɓa shiga gidan gandu ba. Maigida ɗaya, mata biyu, saura gurbi 3. Ga 'ya'yan uwargida, ga na amarya, ga ƙanen maigida da ke ɗakin zaure. Duk wanda ya taɓa raba naman layya a irin wannan gida ya san gurbi 3 rigima ce aka sayo da kuɗi.

Farashin ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A 2023 a Amurka na mutum ɗaya dala 13.99 ne, na iyali 22.99, wato wajen jaka 8 (sefa dubu 8) da wajen jaka 14 a kuɗinmu. Ka ɗora wannan kan mafi ƙarancin albashi na ma'aikacin kamfani a Kamaru, jaka 60 tun 2023, ka ga na iyalin ya haura kashi ɗaya cikin biyar. A Najeriya, inda aka fara sayar da shi a 2020, farashin bai kai rubu'in na Amurka ba. Kuma ba kowace ƙasa ake sayar da shi ba, don haka kafin komai mutum ya buɗe manhajar a wayarsa ya ga ko za ta ba shi damar saya daga inda yake. A nan ne 'yan dabara ke shigowa: tunda Yola da Mubi ba nisa, sai a nemi ɗan'uwa mai katin bankin Najeriya ya biya, ko a sa manhajar da ke ɓoye ƙasar da mutum yake. Sharuɗɗan kamfanin sun ce ka saya a ƙasar da kake zaune, kuma yana da ikon yankewa idan ya gano. Yana iya tafiya wata da watanni lafiya, yana iya tsayawa gobe.

Sai hanyar biya. Mu mutanen Orange Money ne da MoMo, a Cadi kuma Airtel Money da Moov Money. Manyan kamfanonin nan na waje galibi katin Visa ko Mastercard suke so. Ke nan sai ka nemi kati a banki, ka zuba masa kuɗi, kuma a cire maka ladan canji idan da dalar Amurka aka yi cinikin. Sefa a ɗaure take da yuro, 655.957 kowane yuro ɗaya, ba ta motsi. Amma da dala hawa da sauka take yi, don haka abin da aka cire maka a Janairu ba lallai shi za a cire a Yuni ba. Ga haraji: dokar kuɗi ta 2020 ta Kamaru ta shigar da cinikin da ake yi a dandalin intanet, har na ƙasashen waje, cikin masu biyan TVA, wanda yake kashi 19.25 cikin 100. Kuma irin wannan biya ba ya jiran ka ce a sabunta. Da kansa yake cira ranar da wata ya cika, ko ka kalla ko ba ka kalla ba, har sai ka shiga ka soke da hannunka. Na san wanda ya yi wata 4 ana cirar masa kuɗin wata manhaja da ya gwada sau ɗaya ya manta, sai da ya je cire kuɗin makarantar yara ya tarar babu cikon.

Duk wannan ma ba shi ne babban lissafin ba. Baturen da ke wannan muhawara yana da intanet na gida da ba ya ƙarewa, da wutar da ba ta ɗaukewa, kuɗin watan shi kaɗai ne abin dubawarsa. Mu kuwa kuɗin watan shi ne na uku a layi. Na farko forfe, wato datar da muke saya a layin waya, na biyu wuta.

Mu ɗauki alƙaluman da Netflix da kansa ya bayar, don su ne a bayyane. Hoto mai matsakaicin kyau yana cin kusan jiga 0.7 a awa. Mai kyau sosai yana kaiwa jiga 3 a awa. A waya kuma idan ka sa tsarin tattali, jiga ɗaya na kai ka wajen awa 6. Gidan da ke kallon awa 2 kowane dare ya yi awa 60 a wata. A tsarin tattali jiga 10 ke nan. A matsakaici jiga 42. A mai kyau sosai, irin wanda babbar tele ke nema, jiga 180. Ka ɗauki farashin jiga ɗaya a layinka ka ninka, za ka ga kuɗin watan da ake ta magana a kai ɗan ƙarami ne a gefen kuɗin data.

Ƙanena ya kawo hujjar da na ji mutane da yawa na kawowa: "Ai Yaya, tallar ma mega take ci, in ka cire ta ka yi tattali." Gaskiya ne tana ci. Amma nawa? Mu ƙaddara talla na cin minti 4 a kowace awa. Kashi ɗaya ke nan cikin 15. Idan kana kashe jaka 10 a wata kan kallo, rabon tallar bai kai sefa 700 ba. Ba a biyan jaka 3 ko 5 don a ceci 700. Kuma ni a ganina lissafin ma juyawa yake yi: talla, duk haushinta, ita ce wurin da mutum ke miƙewa ya duba tukunya, ko ya tuna dare ya yi. Idan an share ta, kashi na 7 na shiga cikin na 8 ba tare da tuntuɓe ba, sai dai ka ji saƙo ya shigo cewa forfenka ya ƙare.

Wuta kuma kowa ya san halinta a nan. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogara da madatsar Lagdo a kan kogin Binuwai, wadda aka gama a 1982 da ƙarfin megawat 72, kuma idan ruwa ya ja baya da rani sai a koma rabon wuta unguwa-unguwa. Tashoshin hasken rana na Marwa da Gidar sun rage zafin abin, amma mai biyan kuɗin wata 30 ga wata ya sani ba dare 30 zai kalla a tele ba. Wannan ne ya sa, cikin abubuwa huɗun da Premium ke bayarwa, wanda ya fi dacewa da rayuwarmu shi ne sauke bidiyo: ka sauke da tsakar dare lokacin da forfen dare ke da araha kuma rezo ya saki, ko a wurin aiki inda akwai wifi, yara su kalla sau 10 ba tare da an sake cin mega ba. Duk mai ƙaramin yaro ya san abu ɗaya yake so a maimaita masa har ka haddace. Sai dai a ƙasashen Afirka da dama YouTube na barin a sauke bidiyoyi da yawa kyauta a cikin manhajarsa. Ka duba ƙarƙashin bidiyon, idan alamar saukewa na nan kuma tana aiki, to rabin abin da za ka biya dominsa yana hannunka tuni.

Yanzu mu koma kan abin da ya tayar da maganar, wato yara. A garinmu mun san talla tun kafin waya. 'Yar talla tana tsayawa bakin zaure ta ɗaga murya, "A sayi ƙosai!", in ana so a ce ta shigo, in ba a so a ce a kai gaba. Tallar waya ba ta sallama, kuma ba ta san akwai surukai a zaune ba. Don haka uban da ya ce zai biya don ya rufe wannan ƙofa, niyyarsa mai kyau ce. Abin tambaya, ƙofa nawa kuɗin ke rufewa?

Ɗaya tak. Yana cire tallar da YouTube ya saka, ba ya taɓa wadda mai shirin ya ɗinka a cikin bidiyonsa. Mai kallon finafinan Hausa ya san wannan sarai: kafin a fara, minti 3 na mai sayar da filaye, sai mai atamfa, sai mai maganin basir, wani lokaci a tsakiyar shiri wata hajiya ta fito tana bayanin kayan mata dalla-dalla. Tallar da ta fi sa maigida ya yi tarin ƙarya ya fara neman inda zai danna, sau da yawa irin wannan ce, kuma ko ka biya jaka 20 tana nan, domin a wurin injin ita ma fim ce. Ba na ganin laifin masu shirin sosai. Masu talla ba sa biyan idon ɗan Afirka kamar yadda suke biyan na Bature, kallo dubu daga Garwa ko Zariya ba ya kawo abin da kallo dubu daga Landan ke kawowa, dole su nemi ciko a wurin 'yan kasuwar gida.

Kuma ba ya taɓa babban abin, wato jerin bidiyon da injin ke turo wa yaro bayan wanda ya kalla. Yaro ya fara da zanen dabbobi na Faransanci, bidiyo ya ƙare, wani ya hau da kansa, wani ya bi, bayan rabin awa yana wurin da ba kai ka kai shi ba. Babu talla ko ɗaya a wannan tafiya. TikTok da Facebook kuma, inda 'yan shekara 13 zuwa sama suka fi daɗewa, kuɗin da ka ba YouTube bai shafe su ba ko kaɗan.

Abin mamaki, abubuwan da suka fi kusa da maganin damuwar uba kyauta ne, ba a dai tallata su. A 2019 hukumomin Amurka sun ci Google da YouTube tarar dala miliyan 170 kan tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba. Bayan haka, daga Janairun 2020, duk bidiyon da aka yi wa alamar na yara ne ba a sa masa tallar da ke bin sawun mai kallo, kuma an rufe masa wurin sharhi. Akwai manhajar YouTube Kids, tun 2015, wadda tallarta tatacciya ce, tana da agogon da ke rufe kallo idan lokacin da ka sa ya cika, kuma kana iya zaɓar tashoshin da ka yarda da su kaɗai. Hausa ba ta da yawa a ciki, wannan gaskiya ne, amma ga yaron da ke lakwal da Faransanci ba asara ba ce. Akwai wani shafi na Google mai suna My Ad Center, inda za ka shiga da asusunka ka ce a rage maka tallar caca, da ta giya, da ta neman abokan soyayya. Ragewa ce, ba kawarwa ba, amma a wayata na ga bambanci. Akwai ɗan maɓallin da ke hana bidiyo na gaba hawa da kansa. Sannan abu mafi sauƙi: wayar da ake kallon iyali da ita kada ta zama wadda samari ke bin ƙwallo da ita, ko a buɗe mata asusu dabam. Injin abin da aka ciyar da shi yake amayarwa.

Ga ƙananan yara kuwa, shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2019 ba ta ma kula da talla ba: ɗan ƙasa da shekara 2 kada a zaunar da shi gaban allo, ɗan shekara 2 zuwa 4 kada ya wuce awa ɗaya a yini. Uwar da ke miƙa wa ɗan yaye waya don ta samu ta gama tuwo, na san ba don son ranta ba ne, amma cire talla ba ya rage wannan awa, ƙara mata daɗi yake yi.

Akwai hanyoyin bayan gida, kuma ba zan yi kamar ban san su ba. Na farko masu sayar da gurbi a WhatsApp: ka tura jaka 2, a ba ka suna da lambar sirri na wani asusu da mutum 10 ke ciki. Na taɓa saya. Kwana 9 muka yi, ran na 10 aka canza lambar, wanda ya sayar mini kuma wayarsa ta daina shiga. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Tun 2023 ma Netflix ya tsananta kan raba asusu tsakanin mutanen da ba gida ɗaya suke ba. Na biyu manhajojin da aka yi wa kutse, waɗanda yaran gyaran waya ke sa wa mutum a kasuwa su ce YouTube ne mara talla. Suna aiki, har ranar da suka daina. Abin tsoron shi ne ba ka san wanda ya taɓa cikinsu ba, kuma wayar da ka sa su ita ce mai ɗauke da asusun kuɗinka. Na uku tsohuwar hanya, mai tura finafinai a bakin kasuwa, ka ba shi sefa 100 ko 200 ya cika maka memori. Babu talla, babu mega, babu ruwanka da rezo. Wannan ita ce ainihin kallo mara talla na talaka, kuma ta girmi Premium a unguwanninmu. Illarta, wanda ya kashe kuɗinsa ya shirya fim ɗin ba ya ganin ko dala. Mai kallo da talla ya biya shi da idonsa. Mai Premium ma ya biya, domin ana raba wani kaso na kuɗin watan ga tashoshi gwargwadon lokacin da aka kalle su. Mai memori ne kaɗai ya ci bulus. Wanda ke kukan finafinan Hausa sun lalace ya tuna da wannan.

To wa ya kamata ya biya? A ganina gidan da ya haɗa abu uku: yana da intanet na wata wanda ba a ƙirga masa jiga, yana da tele mai shiga intanet da kowa ke taruwa gabanta, kuma YouTube ne abincinsa na kullum. A tele tallar ta fi tsawo, ta fi wuyar tsallakewa, kuma a gaban kowa take fitowa da girmanta. Irin wannan gida, na ma'aikacin kamfanin auduga na Sodecoton ne ko na ɗan kasuwar da ya sa faranti mai hasken rana a rufi, ya riga ya biya manyan kuɗaɗen biyu, na ukun ba zai ji shi ba, kuma zai sayi kwanciyar hankali ta gaske, musamman da azumi. Haka malami ko ɗalibin da ke yini yana sauraron darasi: samun kashe fuskar waya karatu na ci gaba yana ceton batir, a garin da caji ke da daraja wannan ba wasa ba ne.

Amma gidan da ke sayen forfen ɗari biyar yau, gobe a haƙura, jibi a sake saya, wanda shi ne mafi yawanmu, kuɗin wata na dindindin bai dace da yadda kuɗi ke shigo masa ba. Daidai ruwa daidai tsaki. Jaka 3 ɗin nan in an zuba ta a forfen dare aka sauke abin da aka zaɓa da ido biyu, ta fi aiki. Wanda kuma yake son ɗanɗanawa, babu dokar da ta ce sai shekara: a biya wata ɗaya lokacin dogon hutu, Yuli ko Agusta, a soke tun ranar da aka biya, zai ci gaba da aiki har watan ya cika sannan ya tsaya da kansa.

Mu a gidanmu ban biya ba. Na buɗe wa tsohuwar wayar maiɗakina asusu sabo, na rage tallar caca, na kashe hawan bidiyo da kansa, ita ce yanzu ake jinginawa jikin buta. Ran Alhamis da dare nake sauke kashi biyu ko uku na mako. Saurayin nan mai damin kuɗi bai sake fitowa ba. Mai maganin basir dai yana nan, minti 2 cur a farkon kowane kashi, har Inna ta saba da shi. Shekaranjiya da na kai hannu zan wuce da shi ta ce, "Bar shi mana ya gama, ina son in ji ko ya rage kuɗin."